Ranar da Na Saki Labule

Saƙon ya zo ne ta bakin matar mai unguwa, ina tsaka da yi wa wata amarya shuku. Wai wata ƙungiya ta ƙasashen waje za ta yi wa mata bita ta kwana uku a wani ɗakin taro da ke bakin titin Sakkwato, kuma masu kitso da masu lalle da ungozomai take nema.

"Wa yab ba su sunana?" na tambaye ta.

"Wa ka kitso Tambuwal in ba ke ba?" ta ce, tana dariya.

Na san daɗin baki in na ji shi. Shekara ashirin da biyar ina kitso a garin nan, ban taɓa jin wata ƙasa ta damu da kan matan Tambuwal ba, sai yau rana tsaka. Ruwa ba ya tsami banza. Da na gaya wa maigidana, wanda tela ne a kasuwa, bai ko tsayar da kekensa ba ya ce maganar hana haihuwa ce aka sake wa riga. Amma ya ce in je, in buɗe kunne in rufe baki, in dawo in ba shi labari. Wannan shawara ta yi mini daidai, don dama abin da na yi niyya ke nan.

A shekarar ne mutanen ƙauyukan bayan Kebbe suka cika mana gari, 'yan bindiga sun kore su. Ba wani sansani aka yi musu ba. Kowa ya faɗa gidan danginsa, ɗakin da ke ɗaukar mutum uku ya koma ɗaukar tara. Mazan suna zama a bakin masallaci suna lissafa shanun da aka kora da rumbunan da aka ƙona. Abin da ya sami matan da aka tafi da su daji kuwa ba a zancensa. Idan mace ta dawo sai a ce girki aka sa ta, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, a tashi daga maganar.

Mu ashirin da wani abu muka hallara a wurin bitar. An rataya wani ƙyalle a bango da tutocin ƙasashe jere a ƙasansa, sun fi goma, ban gane ko ɗaya ba sai tamu. Na yi zaton Baturiya zan gani, sai ga wata baƙar mace doguwa mai tabarau, an ce daga gabashin Afirka take, kuma Musulma ce. Da azahar ta yi na bi ta wurin alwala don in ga ko da gaske ne. Ta iya, har ta fi ni tsettsefe yatsun ƙafa. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma na ce lallai mutanen nan sun san wadda za su aiko. Ba ta jin Hausa. Wata yarinya 'yar Kano ce ke mata tafinta, da irin Hausar nan ta rediyo mai santsi.

Abin da Mai Tabarau ta ce, ta bakin tafinta, shi ne ƙasashen da muka ga tutocinsu sun haɗa hannu sun yi alkawari: duk inda yaƙi ko ambaliya ta kori mutane daga gidajensu, ba hatsi da bargo kaɗai za a kai ba, za a nemi matan da aka ci zarafinsu a yi musu magani, a tsare musu mutunci. Ta ce irin waɗannan mata ba sa zuwa asibiti da ƙafarsu, amma suna zuwa kitso, suna zuwa lalle, suna haihuwa a hannun ungozoma. Shi ya sa aka nemo mu.

Na manta da shawarar maigidana na ɗaga hannu.

"Su ƙasashen ga, mi za su samu?"

Da aka fassara mata sai ta yi murmushi, ta ce ita ma tambayar da ta yi ke nan lokacin da irin waɗannan mutane suka zo sansanin da ta girma a ciki. A raina na ce an koya mata wannan amsar tun daga gida. Ban sake ɗaga hannu ba.

Kwana uku ana abu ɗaya. Kar ki matsa wa mace da tambaya, ki bar ta ta faɗi abin da ta ga dama. Abin da ta faɗa ki yarda da shi. Kar ki kai wa kowa, ko mijinki. Idan tana so, ki raka ta wurin wata nas da suka ajiye a wani ƙaramin asibiti, ranar Talata kawai take zama. Abin da suka fi nanatawa shi ne keɓewa: da zarar mace ta fara magana, ki tashe ta daga cikin mutane, ki kai ta inda babu kowa, ki rufe ƙofa. Har da hoto a littafin da suka raba mana, mata biyu a ɗaki kan kujeru suna fuskantar juna, ƙofa a rufe. Wata tsohuwar ungozoma da ke kusa da ni ta taka mini ƙafa a hankali, ni ma na taka tata. Babu wadda ta ce uffan a cikinmu. Muka ci shinkafarsu da kaza, aka ba mu takardar shaida mai tambari, muka watse.

Ya kamata in faɗi yadda ake kitso a gidanmu, don wanda bai sani ba. A tsakar gida ake yi, ƙarƙashin darbejiya, saboda tsaga tana son haske. Ina zama kan tabarma in miƙe ƙafa, mace ta kwanta ta ɗora kai a cinyata, fuskarta a ɓoye, bakinta dab da gwiwata. Gidan kuwa ba ya rabo da mutane: masu jiran layi, masu daka a turmina don nasu ya tsage, mai nono, yara, rediyo. A cikin wannan hayaniya mata suke faɗar abin da ba za su iya faɗa a zaune ido cikin ido ba. Wurin Innata na gaji sana'ar, kuma wurinta na ga yadda ake karɓar irin wannan magana. Hannunta ba ya tsayawa, bakinta ba ya tsayawa. Tana iya ciniki da mai nono da ƙarfi har su yi kamar za su yi faɗa, alhali wadda ke kan cinyarta tana gaya mata mutuwar aurenta. Tsakanin tayi da albarka sai ta jefa kalma biyu ƙasa-ƙasa, wadda aka yi domin ta ita kaɗai za ta ji. Takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mako biyu bayan bitar wata mai ƙuli-ƙuli ta unguwarmu ta shigo da baƙuwa. Na daɗe da sanin mai ƙulin, ni ke mata kitso. Mace ce mai ƙoƙari, ita ta karɓi iyalin ƙanenta da sauran dangi kaf a ɗaki biyu, amma idonta ba ya wuce komai bai auna shi ba.

"Ga matar ƙanena," ta ce. "Duba muna kanta. Tun gabanin damana ba a taɓa shi ba."

Baƙuwar ba za ta wuce shekara ashirin da takwas ba, da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kira ni Yaya. Da ta zame ɗankwali sai da na yi salati a zuci. Tsohon kitson ya dunƙule ya zama abu ɗaya, da ƙasa da busassun ciyayi a ciki, kuma a bayan kunnenta na hagu akwai wurin da gashi ya tsige daga saiwa, faɗin kwabo. Gashi ba ya tsigewa haka sai an ja shi. Na ce tsifar nan ba ta yini ɗaya ba ce.

Labarinta na sama kowa ya san shi. An tafi da ita daji tare da wasu mata, ta yi kwana ashirin da 'yan kai. Mijinta ya rabu da shanun huɗarsa, ya ari babur ya je bakin dajin da kansa ya ɗauko ta. Yanzu yana dako a wurin masu buga bulo. Mai ƙuli ta ba ni wannan labarin tun kafin in jiƙa gashin da man shanu, ta rufe da cewa girki sunka sa ta. Na ce Allah shi kiyaye gaba.

Na fi awa ina bin gashin da kibiya kafin in ji motsin bakinta a gwiwata.

"Yaya, tun can nika jin ciwo ƙasan mara. Da wani ƙurji."

Hannuna bai tsaya ba. Na ɗaga murya na ce wa maƙwabciyata in ba ta ɗaure akuyarta ba yau sai na yi miya da ita, don ta gama cinye mini kuɓewar da na shanya. Aka yi dariya, maƙwabciyar ta fara rantse-rantse. A cikin rantsuwar na sunkuya kamar ina duba tsaga.

"Kin gaya ma wani?"

"Babu."

Ranar iyakar abin da muka yi ke nan, kuma ranar na yi daidai. Na kwana da maganar a raina. Washegari suka dawo da hantsi, sai na ga mai ƙuli ta jawo tabarmarta kusa da tawa, ta baje gyaɗa tana tsincewa. Wataƙila inuwa ta bi, don inuwar darbejiyar nan gefen take da safe. Amma ni lokacin sai na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma. Kunne ta kawo. Hoton littafin nan ya faɗo mini, mata biyu da ƙofa a rufe. Ga takardar shaida mai tambari a ƙarƙashin katifata, ga kazarsu na ci, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiyar magana kuma, akwai wani girman kai da ya shige ni. Na raina mutanen, amma ina so a ce ni ce na fara kawo musu aiki.

"Tashi mu shiga ciki," na ce wa baƙuwar. "Rana ta yi yawa."

Ta ɗago ta dube ni. Na sha tuna wannan kallon. Ba ta yi musu ba, baƙuwa ce a gidana, kuma na girme ta. Ta bi ni ɗaki da rabin kai a tsefe, na saki labule.

Abin da ta gaya mini a ɗakin ba zan rubuta shi ba. Ni na yi kuka, ita ba ta yi ba. Abin da zan rubuta shi ne maganar mijinta. Ta ce ranar da ya ɗauko ta, ya tsaya a hanya ya ba ta ruwa a gora, ya cire rawaninsa ya ba ta ta yafa, ya ce sannu. Daga ranar har yau bai tambaye ta komai ba.

"In yat tambaye ni, ba ni iya yi mai ƙarya," ta ce. "Shi ma ya sani, shi ya sa ba shi tambaya. In kau yaj ji da kunnenai, danginai ba su barin shi zama da ni, ko shina so."

Nan na gane abin da aurenta da 'ya'yanta uku suke tsaye a kai. Mutumin ya zaɓi ya bar kaza cikin gashinta, kuma zai iya ci gaba da haka muddin babu wanda ya kawo masa maganar a fuska. Na rantse mata da Allah ba mai ji daga bakina. Na kuma cika rantsuwata, ko maigidana bai ji ba sai bayan komai ya wuce.

Mun yi kusan rabin awa a ciki. Da muka fito mata biyar ne a tsakar gidan. Na ji an ci gaba da daka, ban tsaya na tambayi kaina yaushe aka daina ba. Mai ƙuli ba ta ɗago daga gyaɗarta ba. Na ƙarasa tsifar, na wanke kan da karkashi, na yi mata kalaba manya yadda za su rufe wurin da ya tsige. Har ga Allah ranar daɗi nake ji, ina ganin na yi aiki yadda masana suka ce a yi.

Ranar Talata na raka ta wurin nas, muka fake da tarin goyonta. Na shiga da idona a buɗe, ina neman abin da zan kama su da shi. Ban samu ba. Nas ɗin 'yar ƙasarmu ce, dattijuwa, ba ta tambayi suna ba, ba ta tambayi gari ba. Ta duba ta, ta ɗebi jini, ta ce ciwon yana da magani amma sai an yi allura uku, mako-mako, kuma kada a tsallake ko ɗaya. Ta tambaya ko maigidan ma zai buƙaci magani, baƙuwar ta ce mutum tara ne a ɗakin da suke kwana, bai kusance ta ba tun da ta dawo. Har nas ta ba wa yaron maganin tari, don kada mu koma hannu banza. Na fito ina cewa a raina, to, bari dai mu gani.

An yi ta farko, an yi ta biyu, ciwon ya fara sauƙi. Sai ranar wata Juma'a a gidan suna, ina bayan wasu mata biyu da ba su lura da ni ba, na ji ɗaya tana cewa matar ƙanen mai ƙuli ba girki kaɗai ta yi ba, har Turawa ke mata allura. Na ajiye tuwon da ke hannuna. Sai a lokacin na lura cewa a makon nan babu ko ɗaya daga cikin matan Kebbe da ta kawo mini kai, alhali da sun fara zuwa.

Ban jira komai ba. Washegari na hau kabu-kabu zuwa gidan da ƙungiyar ta kama haya, farar motarsu a ƙofa. Tun a hanya na gama shari'ata. Direbansu, mai yawan zama wurin mai shayi. Tafinta, wadda ba ta rabo da waya a kunne. Nas. Ko kuma na'urar da suke aika labarinmu ƙasashensu da ita, don a ce sun yi aiki a ƙara musu. Na tarar da Mai Tabarau da tafinta a ofis, ban ko zauna ba na zazzage musu abin da ke cikina. Na ce kun zo da tutocinku kun ce tsare mutunci, ga shi kun tsiraita baiwar Allah a gari.

Mai Tabarau ta bar ni har na gama. Sannan ta buɗe wani akwatin ƙarfe da makulli, ta ciro takarda ɗaya ta miƙo mini. Na yi sakandare, ina iya karatu. Lamba ce a sama, babu suna, babu ƙauye, babu unguwa. Na ce a raina wannan ta nunawa ce, ta gaskiyar tana wani wuri. Ta ce in zauna in gaya mata yadda aka yi tun daga farko, daki-daki, ko za mu gano inda ruwan ya zuba.

Na fara, tafinta tana juyawa. Da na zo wurin da na ce mun shiga ɗaki na saki labule, sai yarinyar ta tsaya ba ta fassara ba. Ta dube ni.

"A ɗaki, Mama? Da rana? Akwai mutane a tsakar gidan?"

"Mata biyar," na ce.

Ta sunkuyar da kai. 'Yar Kano ce mai Hausar rediyo, amma a tsakar gida ta girma kamar kowa. Tun kafin ta buɗe baki ta juya wa uwar ɗakinta maganar na riga na ji abin a ƙirjina. Shekara ashirin da biyar ban taɓa shigar da wadda ta zo kitso ɗaki ba, Innata ma haka. Duk macen da ke gidan ranar ta san na je bitar masu neman matan da aka ci zarafinsu. Sai ga ni na tashi matar da ta fito daga daji, da rabin kai a tsefe, na ce rana ta yi yawa alhali muna cikin inuwa. Ko mai shela na ɗauka ba zai fi haka ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mai Tabarau ta cire tabaraunta ta riƙe a hannu. Ta ce a sansanonin da ta yi aiki tanti ne da tanti, in ba a rufe ba babu sirri, daga can aka rubuto littafin. Sai ta yi tambayar da har yau ba na son tunawa. Ta ce mu ashirin da wani abu muka zauna kwana uku, duk mun ga hoton, me ya sa babu wadda ta ce nan ba haka ake yi ba?

"Ba ku tambaye mu ba," na ce.

Gaskiya ne, ba su tambaya ba, kuma har gobe ina ganin laifinsu a nan. Mutum ba ya ƙetaro teku da littafi ya koya wa mai kitso inda ake jin asirin mata. Amma rabin gaskiyar ke nan. Ni da ungozomar nan mun taka wa juna ƙafa don mun ga kuskuren. Mun yi shiru ne saboda ba gyara muka je yi ba, gadi muka je, muna jiran mu ga abin da suka zo sata. Ban yarda da su ba har da zan gyara musu, amma da rana ta ɓaci sai na bi littafinsu na bar na uwata. Wannan wautar tawa ce ni kaɗai. Duk da haka ban wanke direban nan ba, don maganar allura daga wani wuri ta fito. Sai dai ba a bin mace asibiti da ido sai wadda aka riga aka sa wa alama.

Ta ce za ta rubuta wa na sama da ita a gyara littafin, har a sauran ƙasashe. Na ce su gyara, ita kuma wannan fa? Ta ce suna da gida a Sakkwato inda mace za ta iya fakewa, suna kuma da wani malami da ke zama da mazaje yana musu nasiha. Na ce duk ranar da wani ya zauna da mijinta a kan wannan magana, ranar auren ya ƙare. Ta rubuta wannan ma. Na baro ta tana rubutu.

A makon nan matar wani mahauci ta zo kitso, tana shimfiɗa tabarma ta ce, "Ni dai nan waje za ki yi mani, ba ni da abin ɗaki." Aka yi 'yar dariya gajera. Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar kibiya kawai na ɗauka na fara tsifa.

Ranar Litinin da safe, ana gobe allura ta uku, baƙuwar ta shigo ita kaɗai da goyonta. Ta gaishe ni kamar kullum, ta ɗauki tabarma da kanta ta shimfiɗa a gindin darbejiya, a tsakiyar mutane.

"Ƙanana za ki yi mani, Yaya. Ki ja su da kyau, can babu mai kitso."

Na ƙara wa rediyo murya, na sa 'yar maƙwabta daka, na tsokano mai nono da cewa ta zuba ruwa a nononta. Da gidan ya ɗauki hayaniya na sunkuya.

"Maigidanki ya tambaye ki?"

"A'a. Jiya yad dawo masallaci, bai ci tuwo ba. Yac ce in ɗaure kaya, hatsi ya isa yanka."

"Wane hatsi? Wa yay yi shuka bana garinku?"

"Babu wanda yay yi."

Na ce wa mai nono ta rantse in ba ta zuba ruwa ba. Ta fara rantsuwa da Fulatanci.

"Su mutanen dajin suna nan?"

"Suna nan. Amma can ba mai kallon wani, kowane gida da nashi. Nan in mun daɗe, wani na faɗa mai a fuska."

Na ce allura ɗaya ta rage, gobe da hantsi nas za ta iso daga Sakkwato, ta roƙe shi su ƙara yini ɗaya. Ta ce motar Kebbe bayan asuba take tashi. Na ce yini ɗaya tak, don Allah. Ta gyara kanta a cinyata.

"In na ce shi jira, sai shi ce don mi."

Na ci gaba da tsaga. Na so in ce ta yafe mini, amma wannan ba maganar kalma biyu ba ce, kuma babu inda zan kai ta in faɗa. Na yi mata ƙananan kitso, mafi ƙanƙanta da hannuna ya taɓa yi, tun hantsi har la'asar, na ja su har sai da ta cije leɓe. Da na gama ta shafa kan, ta ɗaura ɗankwali, ta ce Allah shi saka da alheri, ta yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya ta fita.

Ban sake ganinta ba. Ƙungiyar ta yi shekara guda da wani abu ta naɗe ƙyallenta, ban sani ba ko an gyara littafin. Mai ƙuli tana nan, duk wata takan kawo mini kanta. Tana kwanciya a cinyata, bakinta dab da gwiwata, kuma na san 'yan garinsu suna kawo mata labari duk ranar kasuwa. Nakan ƙara wa rediyo murya in sunkuya in jira. Har yau ba ta ce komai ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.